Ba Wannan Maigadin Ba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. 'Yarki ta ce zancenki ɗaya ne a waya: Maigadi ya riƙe, Maigadi ya saki, Maigadi ya hana ki sukuni. Tunda maigidanki ya rasu ni ne ubanki, don haka jiya na je ɗakin bincikenku na kai ƙarar maigadin wajen shugabanku, cewa ya dame ki da zancen soyayya. An dakatar da shi. Ba sai kin gode ba.

Yayanki.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau kafin takardarka ta iso.

Yaya, Maigadi furotin ne, wani sinadari na cikin jiki, ba mutum ba! Ni na laƙaba masa sunan, don na ainihin zai karya maka harshe. A fatar ƙwayar halittar jikinmu yake zaune. Idan ƙwayar cutar ƙanjamau ta shiga ta hayayyafa, shi ke riƙe 'ya'yan kada su fice su kama maƙwabta. Ita kuma tana da nata furotin da ke janye shi daga bakin ƙofa a narkar da shi. Yadda za a hana ta wannan nake nema. Ashe da na zo gida na dube ka na huta, tunda kai da ita aikinku ɗaya.

Bawan Allahn da ka kora, tsakanina da shi "sannu da aiki" ne. Shi ke kunna janareta in wuta ta ɗauke. Yau da hannuna na ja igiyar, da furfurata da digirina, ɗalibai suna kallo.

Ka je ka warware abin da ka ƙulla. In ya rasa aikinsa, kai za ka zauna a kan bencinsa na bakin ƙofa.

Ka gaida iyali, su ba su yi mini komai ba.

Auta.

Zuwa ga Auta,

Salam. Na je, an mayar da shi. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, wai tunda yake ba a taɓa zarginsa da abu mai daɗi haka ba. Shi ma matarsa ta rasu. Ya ce in tambaye ki ko maganar tana da gyara. Me zan ce masa?

Yayanki.

Yaya,

Salam. Kada ka ce masa komai. Bakinka ya yi aikin da ya isa.

Ni ce ke wucewa ta ƙofar nan kowace safiya.

Auta.