Ɗakin Ƙarfe a Takur

Takur, Dutse
Afrilu, 1993

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ina fatan kana lafiya, da Inna Laraba da kowa a Buji. Yaya shanu?

Muna lafiya, alhamdulillahi. Gidan da Baba ya ce muku ya gina, kwantena biyu ne, mai walda ya yanka musu taga. Ba ya yoyo, ɓarawo ma ba ya shiga. Sai dai in rana ta take, bangon ba ya taɓuwa. Ƙuraje sun feso wa jaririnmu Ziyad, ya rage kama nono. Umma takan lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zani, kafin ta juya ya bushe.

Na ce a ɗora jinka a sama, sai Baba ya ce, "Ma'aikacin gwamnati a ƙarƙashin ciyawa? A babban birnin jiha?"

Baffa, kai ne yayansa. In ka aiko da zana da ciyawa ka ce tsaraba ce, ba zai iya mayarwa ba. Don Allah kada ka ce ni na faɗa.

Ina neman izininka in sake rubutowa game da Ziyad, ko da labarin bai yi daɗi ba.

'Yarka,
Ikilima