Baba Ya Koma Masallaci

Assalamu alaikum, Baffa Sule.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna Hajara da yara. Yaya garin Garwa, yaya zafi? Mu nan unguwar New Bell sai godiya.

Albishirinka, Baba ya koma masallaci. Tun da aka yi masa aikin dajin mafitsara aka sa masa jakar fitsari, ya daina fita. Da muka koma asibiti, likitar ta ce gwaji ya yi kyau, amma tana son sanin yadda yake rayuwa. Ta tambaye shi barci, da abinci, da shiga mutane. Baba ya ce, "Ça va," wato lafiya lau. Ni kuwa na ce, "Docteur, ko Juma'a ba ya zuwa, yana tsoron najasa da wari."

Ta ce wannan ma abin magani ne. Ta koya mana ɗaure jakar yadda ba za ta zuba ba, Liman kuma ya tabbatar masa sallarsa ta yi. Juma'ar nan da ƙafarsa ya tafi. Ya dawo yana dariya, wai na tona masa asiri.

Ku ci gaba da sa shi a addu'a. A gaida kowa.

'Yarka,
Hadiza