Ubaidullahi Ya Ƙi Zuwa Gwaji

Goggo Hajaratu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi. Ya ƙafar taki, ya su Hafsa? Ni lafiya lau nake a Fatakwal, sai ɗan haki in na ɗauki cinyar saniya a kasuwar Mile One.

Ƙarar ɗanki Ubaidullahi na kawo. Wata likita mai binciken ciwon zuciya na gado ta zo masallacinmu, ta ɗibi jininmu. Ta ce ina da shi, wataƙila ma shi ya ɗauke Baba farat ɗaya. Ta ce dangin Baba duka su je a gwada su, in an gano da wuri akwai magani.

Har Anacha na bi ƙaton nan na faɗa masa. Ya kwashe da dariya, wai wasan taubasai ne, so nake ya tsorata ya bar mini okadarsa. Na rantse, ya ce, "Sabi'u, kai da rantsuwa ai kamar shan ruwa!"

Don Allah ki kira shi, ke ba ya miki musu. Ke ma ki je a duba ki. In ya faɗi a kan titi, wa kuma zan tsokana?

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanki,
Sabi'u