Farin Kati a Jikin Firji

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau.

Ka tambayi shirin Auta na jarrabawar shiga jami'a. To, gidanka dai ya koma allo. Malamarsu ta ce Turancin jarrabawar ba na gaisuwa ba ne, manyan kalmomi ne. Shi ne yarinyar nan ta yanka kwali, ta rufe ɗaki ta rubuce su, ta bi gida tana mannawa: jikin firji, ƙofar banɗaki, ƙarƙashin hotonka na falo, har murfin keken ɗinkina. Aikina in nuna kati da ludayi, ita kuma daga kan tebur ta faɗi kalmar da ma'anarta, ta saka ta a jimla. Ni da Turancina bai wuce na sayen magani ba, sai in riƙa gyaɗa kai kamar alƙali. Ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Na san za ka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to kada kanka ya kumbura.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya.

Jiya tana makaranta na cire katunan na goge bango, na mayar da su yadda hannu ya kama. Ashe na firji na manna shi a kife, bayansa ne a waje, fari fat. Da ta dawo ta zauna cin abinci sai na lura, na nuna shi da ludayi don tsokana, ina jiran ta yi dariya.

Wallahi, Baban Auta, karanta shi ta yi. Ta dubi farin kwali, ta faɗi wata doguwar kalma, ta kawo ma'ana, ta yi jimla, ta ci gaba da cin abincinta. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na nuna na ƙofa, ta faɗa. Na matsa na haɗa baƙaƙen da kyar, ko harafin farko bai yi daidai ba. Na tsaya bakin kicin na ɗaga yatsu na ce ta ƙirga. Sai ta ajiye cokali ta fashe da kuka.

'Yarka ba ta gani sosai. Ba katin take karantawa ba, wurin kowace kalma ta haddace. Littafi kuwa sai ta kai shi bakin hanci ta runtse ido ɗaya, shi ya sa take rufe ɗaki. A aji ƙawarta ce ke raɗa mata abin da ke kan allo. Tun bara abin yake ƙaruwa, ni ina gidan nan ina yi mata faɗan fasa kofuna, ina ce mata mai rawar kai!

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ka bar gida ka yi nisa saboda karatunta, ba za ta iya jin ka ce a bari sai baɗi ba. Jarrabawar kuma a kan kwamfuta ake yi, da agogo, babu ƙawa mai raɗa. Saura kwanaki kaɗan, da haka ta yi niyyar shiga.

Gobe za mu ga likitan ido. Don Allah in ka kira ta, kada ka ambaci baɗi.

Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Gaisuwa da albishir, da fatan ka samu barci, ni dai sai yanzu.

Likita ya yi mini faɗa son ransa, na shanye. Ya ce tabarau zai riƙe ta, za ta iya zama jarrabawar, sauran magani a bi a hankali. Yau muka karɓo shi, kaurinsa kamar gindin kwalba.

Muna shiga falo na ɗauko ludayi, na ce yau ƙarya ta ƙare. Ta karanta na firji daidai, ta karanta na ƙofa. Da na nuna wanda ke ƙarƙashin hotonka, sai ta tsaya ba ta karanta ba. Na ɗauka tabarau ɗin ne bai yi ba. Ashe ba katin take kallo ba, kai take kallo. Hoton da ka aiko bara, wanda ta taya ni ratayewa tana cewa ka yi kyau, yau ta fara ganinsa. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tambaye ni yaushe Baba ya yi furfura haka.

Na buɗe baki in ce tun ranar da ya aure ni, sai kawai na ajiye ludayin na rungume ta.

Ka nemi hutu ka zo ta gan ka.

Matarka,
Maman Auta