Ni Na Zaɓi Jikanki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, ta durƙuso ba ta tsaye ba, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike kwance. Mu dai muna nan Paris. Ba zan ce lafiya lau ba, don ban taɓa yi miki ƙarya ta zauna ba.

Maganar Sanusi ce ta zaunar da ni, maigidanki, kamar yadda kike tsokanarsa. Ga shi na rubuta sunansa, abin da bakina bai saba ba.

Kin tuna ranar da na shigo gidanmu na La Courneuve da hular kwano a hannu, kafaɗuna sun kumbura da sulke? Kika ajiye ludayi kika ce, "Yaƙi aka fara ba a gaya mana ba?" Na yi ta bayani. Ƙwallon Amurka ne, ni lainbaka ne, aikina in tsaya a tsakiyar masu tsaro, in gane inda mai ƙwallo zai bi tun bai motsa ba, in tare shi da jikina duka. Sau ɗaya kika je fili. Ba a kai hutun rabin lokaci ba kika nufi tashar bus, kina faɗa kina ƙarawa wai kan mutum ba turmi ba ne da za a yi ta kirɓa.

Ban ji ba. Wasan ya kai ni jami'a a Amurka, ya kai ni har bakin ƙofar manyan ƙungiyoyi, aka gwada ni aka ce in kwashe kayana. Na dawo na yi ta gararamba a ƙananan ƙungiyoyin Turai har gwiwa ta ce ta gaji. Wani tsohon kocina ne ya ce ƙafata ta mutu amma idona na nan da ransa. Haka na zama mai farautar 'yan wasa: in zaga filaye, in hango yaron da ya dace, in miƙa shi ga jami'o'in can. Iyaye na yarda da ni saboda na iya gaisuwa. Ina cire takalmi a bakin ƙofa, in tambayi gajiya da sanyi da mutanen gida, su kuwa su damƙa mini ɗansu su ce amana.

Akwai abin da ya same ni bayan tafiyarki. Ina tsaka da sallar La'asar sai in rasa raka'a ta nawa nake. Rannan na fito daga tashar jirgin metro a Belleville na tsaya sororo, na rasa abin da ya kawo ni. Na daka wa matata Hadiza tsawa a kan cokali, Inna, cokali! Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Lokotoro ya ce da alama dukan da kaina ya sha a wasa ne, ba a tabbatarwa sai mutum ya mutu, kuma magani babu. Daga ni sai Hadiza muka sani.

Sanusi kuwa ɗan fari ne. Ke kika ɗauke shi ranar da aka yaye shi, yadda ake yi a Damagaram, ni kuma na riƙe kunyata. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa, ba na zama hira da shi. A wurinki na koya, don ni ma har kika bar duniya "wannan yaron" kike ce mini. 'Ya'yan Faransawa na rungumar ubanninsu a ƙofar lakwal in an tashi daga karatu, ni ina can gefe ina ta duba agogo. Abin da nake so ya ji, ke nake gaya wa. Abin da yake so in sani, ke yake gaya wa. Ke ce kuma kika hana shi ko taɓa hular kwanon nan. Da kika rasu hanyar ta toshe. Ya tafi Lyon karatu, abin da ya rage mana gaisuwar salula ce: ya karatu, lafiya, to madalla.

Watan jiya aiki ya kai ni Lyon kallon wasan matasa. Ina da ɗabi'a a aikin nan: ba na tambayar sunan kowa sai an tashi, don kada suna ya rufe mini ido. Nakan hau can saman benci in kalli ƙugu da ƙafafu kawai. Wani yaro aka turo ni in duba, amma idona ya ƙi barin wani lainbaka na ɗaya ɓangaren. Kai! Yaron nan yana isa wuri kafin ƙwallo ta isa. Ba ya tsoro ko kaɗan, da kai yake shiga mutum. Murna ta cika ni. Ban jira an tashi ba na tura hoton bidiyonsa ga Ba'amurken da nake yi wa aiki, na ce masa tunda na fara aikin nan ban ga kamar wannan ba, su yi maza kafin wasu su riga su.

Da aka tashi na sauko in gaishe shi. Ya cire hula. Inna, jikanki ne. Ya yi ƙiba, ya yi faɗi, ashe tun shekarar da kika rasu yake wasan, ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba.

A cikin jirgin komawa Paris na kira Ba'amurken na ce na yi kuskure, yaron bai kai ba. Dariya ya yi. Ya ce kocinsu ya riga ya gani, ba ya bukatar idona kuma. Kafin mako ya zagayo sun nemi yaron da kansu, sun ba shi gurbi, har sun gaya masa wanda ya zaɓe shi da abin da ya faɗa.

Hadiza ta ce in koma in gaya masa halin da kaina yake ciki, kunyar nan ta isa haka. Na koma. Na kai shi wani ɗan gidan abinci a La Guillotière, aka kawo mana shinkafa da miyar gyaɗa. Wallahi na shirya maganar tun daga tashar jirgi, kalma bayan kalma. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Idonsa a kan faranti, da Hausarsa mai gauraye da Faransanci, ya tambaye ni ko da gaske ne na ce ban taɓa ganin kamarsa ba.

Na ce da gaske ne.

Ƙato guda, Inna, ya kifa kai a kan tebur yana kuka. Tunda aka haife shi wannan ne yabo na farko da ya samu daga gare ni, shi ma ta bakin wani ya iso. To da wane baki zan ce masa abin nan da na yaba shi ne zai cinye shi? Na haɗiye maganata, na ce ya ci abinci kada ya huce.

Bayan Babbar Sallah zai tafi. Na ɗauki salula ya fi a ƙirga, ina ajiyewa. Ko na faɗa ma, na san jinin da ke jikinsa, ba zai tsaya ba. Ke kaɗai yake jin maganarki, ke kuma kin yi nisa. Ina kewarki, Innata, kewar da ban taɓa iya faɗa miki ba kina da rai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya saka miki da Aljanna a kan wahalar da kika sha da mu. Allah Ya tsare kan yaron nan, Ya mayar mana da shi da hankalinsa. In kuwa an rubuta masa irin ciwona, to Allah Ya sa kafin ranar ta zo nawa hankalin ya gama tafiya, kada in gane abin da nake gani.

Ɗanki,
Lawali