Keken da Na Kasa Miƙawa

Zuwa ga Uwargida Maureen,

Ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin na kai inda karatuna ya daina yi mini amfani. Na ɓoye sunana da na garinmu, na kuma sauya sunayen mutanen da zan ambata, ban da na ɗana. Shi ba zan iya kiransa da wani suna ba.

Ni malamin shari'a ne a jami'a, na kusa ritaya. Ɗa ɗaya muka haifa ni da matata Hilary, sunansa Edwin. Ya zo duniya da lalurar ƙwaƙwalwa wadda ta hana shi magana, ga kuma farfaɗiya da ke kama shi, galibi cikin barci. Ya rasu bara, yana da shekara ashirin.

Zan taƙaita abin da ya gudana tsakaninmu da ƙaramar hukuma, domin ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Yana yaro ya daɗe zaune a gida, saboda an ce babu gurbi a makarantar da ta dace da shi, kuma sai da muka kai ƙara gurbin ya samu. Da ya gama makaranta aka mayar da shi daga sashen yara zuwa sashen manya. Daga ranar aka janye ma'aikaciyar da ke kwana tana gadinsa, wai sai an sake tantance buƙatarsa, kamar dai farfaɗiya tana duba ranar haihuwar mutum. Muka jira tantancewar fiye da shekara. Ni da Hilary muka riƙa karɓa-karɓa, muna kwana a zaune a gefen gadonsa. Ɗan Adam ba ƙarfe ba ne. Wata safiya muka tarar ya tafi. Aka yi zaman binciken musabbabin mutuwarsa, aka tabbatar da sakacin hukuma, suka aiko da takardar ban haƙuri, suka kuma buɗe sabon ofishi domin matasan da ke tsallakawa daga wannan sashe zuwa wancan. A duk zaman da aka yi ban ɗaga murya ba. Har yaba mini aka yi a kan hakan.

Abin da ya kawo ni gare ki shi ne abokina Malcolm. Mun haɗu tun yaranmu suna ƙanana, a ƙungiyar iyayen yara masu lalura, wadda ke taruwa a zauren coci ana shan shayi ana kuka da hukuma. Sana'arsa koyar da tuƙin mota, mutum ne mai ƙatuwar murya da yawan dariya. Ɗansa Kieran lalurarsa kusan irin ta Edwin ce, sai dai Edwin ya ɗan girme shi. Malcolm ya fara kirana Farfesa tun kafin jami'a ta ba ni matsayin, kuma har yau cewa yake shi ya naɗa ni. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar ɗana a kafaɗa. Ban san wanda ya fi shi kirki ba, kuma yau ba na iya kallon fuskarsa.

Kieran ne matashi na farko da sabon ofishin ya karɓa. Cikin 'yan makonni aka tantance shi. Yanzu yana da ɗakinsa a wani gida mai masu kula dare da rana, kuma mota tana kai shi wata gona inda yake ba awaki abinci. Duk abin da na roƙa wa Edwin a rubuce, cikin ladabi, ina ambaton sashen dokar da ya wajabta shi, an ba Kieran ba tare da ubansa ya buɗe baki ba. Malcolm ya yi ƙiba. Ya kai matarsa bakin teku, karon farko tun haihuwar yaron, ya dawo rana ta ƙona masa hanci. A taro na ƙarshe da na halarta, ya zauna yana mitar cewa masu kula suna ta ɓatar da safar Kieran a wanki. Ya juyo ya ce mini, "Kai Farfesa, yaron nan kullum ƙafa ɗaya ja, ɗaya kore, sai ka ce fitilar ba da hannu!" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sai ya tuna da Edwin, kunnuwansa suka yi jawur. Na gama shayina, na yi sallama, na shiga mota. Safa, Uwargida. Ƙyashin safa nake yi. So nake a ce ni ma ina da ɗan da za a ɓatar wa safa.

Na san baƙin ciki, mun saba, muna zaman lafiya da shi. Wannan dabam ne, kuma sunansa hassada. Idan motar gonar ta wuce ni a hanya sai in ce a raina, da ran ɗana aka zuba mata mai: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban taɓa yi wa Kieran mugun fata ba. Amma akwai ranar da Malcolm ya aiko mini cewa an kwantar da yaron a asibiti, kuma kafin tausayi ya iso, na ji wani abu mai kama da sauƙi ya gilma. Yaron ya warke. Na rubuta wannan ne domin ki san da wa kike magana.

Ga inda maganar ta tsaya. Ƙungiyarmu tana da keke guda, mai ƙafa uku da kujeru biyu gefe da gefe, wanda iyayen farko suka saya bayan hukuma ta ce musu keke ba buƙata ba ne. Babba yana riƙe kan keken, yaro yana gefensa yana taya shi takawa. Yana da al'ada. Yakan zauna a gida ɗaya har sai yaron gidan ya gama da shi, sannan iyayen su rubuta sunan yaron da fenti a jikin ƙarfen, su tuƙa shi da kansu zuwa gidan mai bi. Ba a tambayarsa, ba a tunatarwa. Wanda ke riƙe da shi ne kaɗai ke cewa lokaci ya yi. Ya yi shekaru a gidanmu. Kowace Asabar ni da Edwin mukan bi gefen kogi, yana buga wa kowane kare ƙararrawa, kuma a kan keken nan kawai nake jin wani sauti mai kama da waƙa yana fita daga bakinsa.

Kieran ne mai bi, kowa ya sani. Malcolm bai ce uffan ba, kuma da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Idan sanyi ya wuce ƙungiya takan fita yawonta na shekara, keken ne ke shiga gaba, kuma saura 'yan makonni. Yana garejina a rufe da tampol. Na daɗe da sayen fentin. Sunayen da ke jikinsa duk na rayayyu ne: wani ya yi masa girma, wata iyayenta sun koma wani gari. Idan na hango Kieran a kujerar hagu, hannunsa a kan ƙararrawar nan, sai in ce, ya samu ɗakin, ya samu masu gadin, ya samu awakin, ya samu ransa. Ko keke ba za a bar mini ba?

Hilary ta yi magana sau ɗaya. Ta ce ta rasa ɗa, ba ta shirya rasa Malcolm da matarsa ba, domin su kaɗai ke ambaton sunan Edwin ba tare da sun rage murya ba. Ta ce da ta iya keken da ta kai shi da kanta, amma ba ta taɓa hawansa ba, domin Asabar tawa ce da Edwin, ita a lokacin take rama barci. Tun daga ranar ni da ita muke gaisawa kamar maƙwabta.

Tambayata ita ce, shin zan iya riƙe wannan in saya wa ƙungiya sabo? Ina da halin yin hakan. Ko kuwa in miƙa shi alhali zuciyata ba ta saki ba, in tsaya a ƙofar abokina ina murmushin munafunci?

Baban Edwin

Baban Edwin,

Allah Ya ba ku haƙuri, kai da Hilary. Na gode da ka bar wa yaron sunansa.

Ka ce in san da wa nake magana. Na sani. Ina magana ne da uban da ya kwana a zaune fiye da shekara, aka yi masa sakaci, sannan aka yaba masa don bai yi ihu ba. Ihun da aka haɗiye ba ya ɓacewa, ƙofa mafi kusa yake nema, kuma ƙofar Malcolm ce ta fi kusa. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya gilma maka ranar asibiti kuwa, iyaye da yawa da suka binne 'ya'yansu sun ji irinsa, kaɗan ne suke da ƙarfin halin faɗa. Ba a yanke wa mutum hukunci da abin da ya gilma, kai malamin shari'a ka fi ni sani.

Kana da gaskiya a abu ɗaya, kuma ba zan rage maka ita ba: da Edwin bai rasu ba, da wataƙila Kieran yana kan layi har yanzu. Amma ka duba ɓangaren abokinka. Shi ma ya san hakan. Kunnuwan da suka yi ja sun gaya maka. Yana zaune da sa'ar da yake jin kunyarta a gaban mutumin da ya fi ƙauna, kuma shirunsa a kan keken girmamawa ce, ba tsiya ba.

Kada ka sayi sabo. Yaran ƙungiya ba ƙarfe suke gado ba, sunayen nan suke gado. Kai kuma za a bar ka da wani abu a lulluɓe a gareji, kullum kana wuce shi. Sunan da ake rubutawa ba shaidar rai ba ce, shaida ce cewa yaron ya hau, ya ji daɗi. Edwin ya cika wannan sharaɗin fiye da kowa, kada a hana shi gurbinsa a nan ma.

Amma ba dole ka miƙa komai da komai ba. Ka kwance ƙararrawar. Taka ce. Ka saya wa Kieran sabuwa, ya buga wa nasa karnukan. Babu uban da ke cikin ƙungiyar nan da zai ce don me.

Batun munafunci kuma, al'adarku rubuta suna da kai keke ta nema, ba ta nemi murmushi ba. Idan Malcolm ya buɗe ƙofa, ka gaya masa magana ɗaya ta gaskiya: kana murna da Kieran, kuma ganinsa yana yi maka ciwo, duka biyun a lokaci guda. Mutumin da ya ɗauki akwatin ɗanka zai iya ɗaukar wannan. Idan ba za ka iya zuwa yawon bana ba, kada ka je. Ƙyashin ba zai tafi a ranar ba, amma zai daina zama sirri, kuma a ɓoye ya fi girma. Ka nemi taron iyayen da suka yi rashi, inda ba za a yaba maka don ka yi shiru ba. Idan ƙarfi ya dawo, sabon ofishin nan yana buƙatar mai sa masa ido, kuma fushinka can ya dace.

Saura Hilary, wadda ka ambata a ƙarshe, ni kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Ta riƙa barci ranar Asabar domin ta iya gadi da dare. Ke nan ba ta taɓa ganin hanyar kogin nan daga kan keken ba, ba ta kuma taɓa jin waƙar ba. Kai kaɗai kake riƙe da wannan ɓangaren na ɗanta. Kujera biyu keken yake da su. Ku rubuta sunan tare, ta zauna a ta hagu, ku bi ta gefen kogi ko da ya fi nisa, ka nuna mata inda yakan fara waƙar. Sannan ku miƙa keken, ku sha shayin Malcolm, ku dawo gida a ƙafa, ƙararrawar tana aljihunka.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya sa ku ga Asabar ɗin lafiya.

Maureen