Matata Ta Faɗa wa Maƙwabcinmu Nauyinta

Goggo Tuovi, don Allah ki agaza min da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Abin da na saba rubutawa shi ne littafina na kullum, inda nake sa yanayin gari da kaurin ƙanƙarar tafki da abin da na gyara a ranar. To tun watan jiya na lura sunan mutum ɗaya ne yake cinye min rabin shafi, kuma ba sunan matata ba ne.

Shekaruna arba'in da 'yan kai, ina aiki a ma'ajiyar kayan gini a Ivalo. Matata zan kira ta Mervi, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Muna da babur ɗin ƙanƙara biyu, irin wanda ke sulalewa a kan daskararren tafki, nawa da nata, ni nake kula da su duka, ba na kai wa kowa. Ni ba makaniki ba ne, amma in na sayi abu sai na karanta littafinsa daga bango zuwa bango, kuma ba na juya noti sai na san dalili.

Shekara uku ke nan Mervi tana kukan ciwon baya duk ranar da muka fita. Kin san yadda hanyar tafki take komawa bayan masu yawon buɗe ido sun tattake ta, kunya-kunya kamar gonar dankali. Tana sauka sai ta dafe ƙugu. Abin da hankalina ya ba ni shi ne, tun da babur yana dukanta, to sifirin ɗin baya, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke shanye girgizar hanya, ya yi tauri. Sai na sassauta shi. Ta sake kuka, na ƙara sassautawa, har na kai shi ƙarshen laushinsa. Duk lissafina a kan nauyin da na san ta da shi na yi, wato wanda ta faɗa a shago ranar da muka sayi babur ɗin, muna sababbin aure. Ban sake tambaya ba. Ko in ce tunanin ya zo min, na ga ba tambayar da miji zai yi ba ce. A hankali ta rage fita. In na ce mu je kamun kifi sai ta ce in je abina, ita za ta hura wutar sauna, ɗakinmu na wankan tururi, kafin in dawo.

Sai ga maƙwabcinmu, bari in kira shi Kimmo. Sana'arsa kai baƙi yawo a kan babur, matarsa ta bar shi bara waccan, kuma irin mutanen nan ne da ake jin dariyarsu tun daga hayin tafki. Wata Asabar muka fita tare da 'yan unguwa, na lallashi Mervi ta biyo mu. Ni ne a gaba kamar kullum ina buɗe hanya, shi yana can baya. Da muka tsaya a bukkar hutu aka ɗora kofi, sai ya nufi babur ɗin Mervi ya danna bayansa da hannu ɗaya, ya ce wane mugu ne ya yi wa baiwar Allah haka. Wai tun daga bakin gari yake kallo, sifirin ya yi laushi har yana ƙurewa, ƙarfe yana dukan ƙarfe, duk tudun da aka hau a ƙashin bayanta yake sauka. Ya zaro sifana ta juya noti daga aljihu ya ce mata, "To Mervi, ban da wasa, kilo nawa, har da riga da takalmi?"

Goggo, na ɗauka za ta watsa masa kofi. Sai ta waiga ta dube ni, ta matsa kusa da shi, ta ɗaga gefen hularsa ta raɗa masa. Ya yi fito, ta kai masa duka a kafaɗa, suka kwashe da dariya. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, bakina ya daskare sai bazara."

Ya ƙara wa sifirin tauri, ya sa ta hau ta sauka, ya ɗan saki madaurin gaba don kan babur ya daina yi mata nauyi a kwana. Kofina bai ma huce ba ya gama. A hanyar dawowa Mervi, wadda ta saba bina kamar mai rakiyar gawa, ta wuce ni tana ɗaga min hannu.

Na san murna ya kamata in yi. Bayanta ya daina ciwo, ta dawo tana rera waƙa in tana ɗaura hular kwano. Amma abin da yake cina shi ne, tun ranar nan a shago ban sake jin wannan lamba ba. Sauna tare muke shiga, amma in za ta hau sikeli sai ta kulle ƙofar banɗaki. Ga shi magana ta bazu. Pasi direbanmu a wajen aiki ya ce min, "Kai kake da takardar aure, Kimmo yake da lamba." Shi kuma Kimmo ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce injiniya, yaya kasuwar katifa, wai don na mayar da sifirin laushi kamar katifa. Ina ta murmushi har muƙamuƙina ya gaji. Na tambaye ta lambar muna cin abinci, kamar da wasa. Ta ce me zan yi da ita, ba an riga an gyara ba? Ta ci gaba da yanka burodi.

Ga abin da ya sa na ce ki agaza min. Ranar Lahadi da ta hau za ta fita, na yi kamar ina duba fitilar baya, na sa alamar alli a ƙyauren rumfa daidai inda bayan babur ya sauka. Washegari da ta tafi aiki na mayar da shi wurin, na riƙa ɗora masa buhunan yashin da muke zubawa a ƙofar gida saboda sulɓi, har ya sauka kan alamar. Na haɗa lissafi. Yanzu na san lambar, ko kusa da ita, kuma ban ji sanyi ba ko kaɗan. Ji na yi kamar na leƙa ta ta ramin mukulli. Ina tsaye da sifana, zuciyata tana ce min in mayar da sifirin baya ko da rabin mataki ne, don kawai ya zama hannuna ne na ƙarshe a kansa. Ban juya ba, amma na daɗe a tsaye.

Duk shekara lokacin Ista mukan tafi mu biyu bukkarmu ta tsibiri, mu yi mako muna kamun kifi ta ramin ƙanƙara. Bara ba mu je ba saboda bayanta. Bana ita ta fara tayar da zancen. Ina cikin jin daɗi sai ta ƙara da cewa me zai hana mu gayyaci Kimmo, shi kaɗai yake cin abinci a gidansa, kuma in babur ya buƙaci taɓawa yana kusa. Bukkar ɗaki ɗaya ce, Goggo. Na ce zan yi tunani, tana nan tana jiran amsa.

Ban taɓa kama ta da komai ba, wayarta ma a kan tebur take yini. Wani lokaci sai in ga kamar ba ita nake kishi ba, sifanar nake kishi. An ce kishi kumallon mata ne, wanda ya faɗa bai haɗu da ni ba. In na ce a'a, na zama mai ƙaramar zuciya da ya kasa gode wa wanda ya warkar masa da mata. In na ce to, ban san da wace fuska zan dawo ba. Ko dai ni nake ganin abin da babu? Kuma zancen buhuna, in faɗa mata ko in haɗiye?

Mai Buɗe Hanya, Ivalo

Ɗana Mai Buɗe Hanya,

Kafin komai, kada ka taɓa babur ɗin nan ba da saninta ba. Wanda ya saba da yadda abin hawansa yake ɗaukar tudu da kwana, in aka juya masa a ɓoye, ba ciwon baya kaɗai zai samu ba, yana iya faɗuwa. Wannan ba ya cikin abin da za mu tsaya aunawa.

Kishinka ba hauka ba ne. Raɗa a kunnen wani namiji, miji yana tsaye, jama'a suna kallo, kowa aka yi wa zai ji a ransa. Kimmo ya iya gyaran babur, bakinsa ne bai iya gyarawa ba. Ka same shi ku biyu ka gode masa, domin ya cancanci godiya, sannan ka ce wasan katifa ya isa haka. Pasi kuwa ka ƙyale shi, gobe zai sami wani abin taunawa.

Amma ka leƙo ta ɓangarenta. Mace takan faɗa wa likita da tela nauyinta, saboda ba ruwanta da yadda suke ganinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: bayanta yana ciwo, mai sifana ya tambaya, ta faɗa. Wanda take kulle wa ƙofa shi ne wanda take so ya ci gaba da ganinta yadda ya aure ta. Kai da kanka ka ce ta waiga ta dube ka kafin ta raɗa. Ni kunya na gani a wannan kallon, ban ga cin amana ba. Wataƙila ma ta daɗe da zargin inda matsalar take, ta gwammace ta dafe ƙugu da ta ce maka lissafinka ya tsufa. Wannan nata kuskuren ke nan, kuma ta biya shi da tsada.

Naka kuskuren ba na rashin kulawa ba ne. Abin da Kimmo ya fi ka shi ne wurin tsayuwa, yana baya ya gani, kai kana gaba. Fita ta gaba ka bar ta ta ja hanya, ka bi ta ka kalli yadda babur yake ɗaukarta. Kuma gyaran nan ba sai da lamba ba. Ta hau da kayanta, ka auna yadda bayan ya sauka, ku ɗan zaga, ka tambaye ta yadda ta ji, ka canja abu ɗaya, ku sake zagawa. Ai ma aiki yana jiranka, domin in aka ɗora guzurin mako guda a baya dole a ƙara wa sifirin tauri. Ka yi shi tana zaune a kai, ita ce alƙali.

Zancen buhuna ka faɗa mata, ka ba ta haƙuri, ka goge allin. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka bar ta ta yi. Lambar kuwa kada ta taɓa fita daga bakinka, ko a wasa, ko a faɗa.

Batun tsibiri, ka ce a'a, amma da dalilin gaskiya. Kada ka fake da ƙanƙantar bukka. Ka ce mata kana kewar makon nan naku ku biyu, kuma ka ji kishi a ranar. Kalmar tana da nauyi a bakin namiji, na sani, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai yiwuwa tausayin maƙwabci ne ya sa ta faɗa, da tsoron kada baya ya tashi kuna nesa da gida. Ku kira Kimmo cin abinci kafin ku tafi, haƙƙin maƙwabtaka ya fita. In duk da haka ta dage sai da shi, to akwai maganar da za ku zauna ku yi, amma kada ka yanke mata hukunci tun ba ka ji ta bakinta ba. Matar da bayanta yana sakinta ta fara tayar da zancen bukkarku, ba gudunka take yi ba.

Allah ya sa ƙanƙara ta riƙe, kifi ya ci ƙugiya, ku je lafiya ku dawo kuna hira.

Goggo Tuovi